Gidan da Ke Girma Tare da Iyali

Ango kan tare da amaryarsa a ɗaki biyu da falo, wuri ya ishe su har da saura. Kafin shekara goma ga 'ya'ya biyar, ga ƙanin maigida ya zo karatu, ga tsohuwa an ɗauko ta daga ƙauye. Sai a shiga fashe-fashen bango, a toshe taga, a cinye tsakar gida da ɗaki. Tun a takardar zane aka shuka wannan wahala.

Maginanmu na dā sun san iyali ba ya tsayawa wuri ɗaya. Dubi zaure: da safe malam ya karantar da yara, da hantsi maɗinki ya baje kayansa, da dare baƙo ya shimfiɗa tabarma ya kwana. Ɗa ya isa aure, a yanka masa sashe, a tayar da ɗaki da tubali da azara. Gidan Makama na Kano, wanda aka gina a ƙarni na 15 domin Muhammadu Rumfa, yau gidan tarihi ne, yana nan yana amfani.

Ginin siminti ma yana karɓar wannan hikima. Idan ginshiƙan kankare da rodi ne ke ɗauke da nauyin rufi, bangon ciki raba ɗaki kawai yake yi, ana iya ɗage shi ba tare da gini ya girgiza ba. Ƙofa mai zamewa tsakanin falo da ɗakin cin abinci kan mayar da su zaure guda ranar suna. Ɗakin bakin ƙofa kuwa a ba shi banɗakinsa da ƙofar waje: yau na baƙi, gobe shago, jibi na dattijon da gwiwa ta hana shi hawa bene. Kicin da banɗakuna su jeru a gefe guda don bututun ruwa su haɗu, harsashi kuma a zuba shi da ƙarfin ɗaukar bene ko da ba yanzu za a ɗora ba.

Tsakar gida dai kada a taɓa ta. A Kano da Sakkwato zafin Afrilu kan haura digiri 40, tsakar gida ce ke jawo iska ta ratsa tagogi masu fuskantar juna. Nan ake shanya, nan ake girkin biki, nan yara ke wasa a gaban idon uwa.

Mai fili, kafin ka sayi bulo ko ɗaya, zauna da mai zanen gini da uwargida, ku lissafa iyalin da za su kwana a gidan nan da shekara ashirin.