Almajiran Yesu ma da roba suke yawo?

Shirinmu na yau daga Ƙofar Ran yake zuwa muku, ɗaya daga cikin tsofaffin ƙofofin ganuwar Bauchi, ba nisa da kabarin Firayim Minista Abubakar Tafawa Ɓalewa. Wanda ya tsaya a nan da safiyar Lahadi zai ga Keke Napep na wucewa da iyalai an ci ado, iyaye mata da ankon zumunta, yara rungume da Littafi Mai Tsarki za su coci. Yaran nan muka biyo yau, domin abin da fasto ke faɗa da abin da suke kawowa gida, sau da yawa hanyar jirgi daban, ta mota daban.

Wata malamar makarantar Lahadi ta ba ni labari. Tana koya wa yara cewa Yesu yana da almajirai goma sha biyu, sai wani ɗan shekara shida ya ɗaga hannu: "Malama, su ma da roba suke yawo?" Ba ta gama haɗiye dariya ba ya ƙara da tambayar inda tsangayarsu take. Da aka zo labarin ciyar da mutum dubu biyar, aka ce an tattara ragowar abinci kwando goma sha biyu, sai ya yi ajiyar zuciya ya ce, "Ashe ranar kowa ya samu nasa."

Ni dai ban ga laifinsa ba. Almajirin da ya sani shi ne wanda ke sallama a ƙofar gidansu da daddare, mama ta zuba masa tuwo. Masu fassara ma ba su yi kuskure ba. Kalmar daga Larabci ta zo, tana nufin wanda ya bar gida, kuma a Hausa ɗalibi ne mai bin malaminsa. Haka su Dokta Walter Miller na Zariya suka same ta a bakin mutane, haka ta shiga cikakken Littafi Mai Tsarki na Hausa da ya fito a 1932. Bara ce ta zo ta rufe ma'anar a idon yaron yau.

Wannan ne ya sa ruɗanin yaranmu ya fi daɗin ji. Hausar coci da Hausar layi uwa ɗaya uba ɗaya suke. Basayi daga Bogoro da Bajari daga Dass dukansu da Hausa suke sujada, kuma da ita suke cinikin tumatir a kasuwar Wunti. Kalma guda sai ta yi aiki biyu.

Ku ɗauki Zakka, gajeren mai karɓar harajin nan da ya hau itacen ɓaure. Wata yarinya da ta saba jin Alhaji maƙwabcinsu ya fitar da zakka ta tambayi babanta yaya aka yi buhun gero ya hau bishiya. Wata kuma, da ta ji an ce lokacin baiko ya yi, sai ta miƙe tana leƙen amarya da akwatuna, alhali tasar tara kuɗi ce ke zagawa.

Na fi son na ƙanena. Aka sanar cewa yau akwai Jibin Ubangiji. Ya ja rigar mama ya raɗa mata: "Mama, in jibi ne, me ya sa ba za mu tafi gida mu dawo Talata ba?" Jibi dai tsohuwar kalma ce ta abincin da ake haɗuwa a ci, manya da yawa ma sun manta da ita.

Iyaye da malaman makarantar Lahadi, mun san kuna da irin waɗannan cike da ciki. Ku aiko mana da su, amma ku sakaya sunan yaron, kada ya girma ya riƙe mu. Sai mako mai zuwa, a huta lafiya.