Gina Tambaya a Faransanci: Inda Ɗalibi Bahaushe Yake Tuntuɓe

Tun shekarar 1899 da sojojin Faransa suka shiga birnin Damagaram, Bahaushen wannan ƙasa yake jin tambaya cikin Faransanci, daga ofishin kumandan har zuwa azuzuwan Jami'ar André Salifou a yau. Duk da wannan daɗewa, akwai wuraren da nahawun Hausa yake yi masa jagora ba tare da ya sani ba.

Hanyoyi uku Faransanci yake bi wajen gina tambayar da amsarta i ce ko a'a, kuma biyu daga ciki ba baƙi ba ne a gare mu. Ɗaga murya a ƙarshen jimla, kamar a «Tu viens ?», shi ne abin da muke yi a «Za ka zo?». Shi kuwa «est-ce que» aikinsa ɗaya da «shin»: a aza shi a goshin jimla, sauran kalmomi su zauna inda suke. Ta ukun ce baƙuwa, wato juya aikatau ya gabaci wakilin suna: «Viens-tu ?», «Va-t-il ?». Hausa ba ta yarda da wannan juyi ko kaɗan. Abin da take sauyawa, idan kalmar tambaya ta zo gaba, shi ne lamirin lokaci: «Sun sayi goro» ya koma «Me suka saya?». Baturen Ingila mai koyon Sifaniyanci akasin wannan wahala yake sha, domin shi zubar da kalmar «do» ake nema ya yi, ya dogara da murya, ya ce «¿Vienes?».

Amma a ganina juyin aikatau ƙaramar matsala ce. Malami yana gyara ta da jan biro. Wadda ta fi haɗari tana cikin amsar tambaya korarriya. Idan aka ce wa Bahaushe «Ba ka sha maganin ba?», kuma bai sha ɗin ba, cewa zai yi «I, ban sha ba». Gaskata zancen mai tambaya yake yi. Bafaranshe kuwa, a «Tu n'as pas pris le médicament ?», «non» zai ce idan bai sha ba, idan ya sha kuma ya ce «si», kalmar da aka keɓe don rushe korewa. «Oui» ba ta da gurbi a nan. Ɗalibin da ya ɗauko «i» ɗinsa ya mayar da ita «oui» yana nufin bai sha ba, mai sauraro kuwa yana iya ɗauka ya sha.

A cikin aji wannan maki ɗaya ne ya zube. A gaban likita ko alƙali, musamman idan tafinta ya fassara kalma da kalma, magana ce ta juye gaba ɗaya. Shi ya sa ya kamata a horar da mai koyo ya riƙa cika amsarsa da jimla: «Non, je ne l'ai pas pris.»