Cikar aji da ƙwarewar hannu: ina makarantun fasaha suka dosa a ƙasar Kazaure?

A shekarar 2025 Ma'aikatar Ilimi ta Tarayya, ƙarƙashin minista Tunji Alausa, ta sanar da cewa karatu a kwalejojin fasaha na tarayya ya zama kyauta, har da alawus na wata-wata ga ɗalibi. Nan take masu neman shiga suka yi ca. Waɗanda suka yi rajistar jarrabawar shiga da hukumar NABTEB ke shiryawa sun tashi daga kimanin 7,500 a 2024 zuwa kusan 30,000 a 2025. Amma da sakamako ya fito, kashi 39 cikin ɗari na waɗanda suka zauna jarrabawar ne kawai suka samu rabin maki ko fiye. Waɗannan alƙaluma biyu ya kamata a karanta tare, musamman a Roni, Gwiwa, Kazaure da Babura, domin suna nuna cewa talauci ne ya daɗe yana tare ƙofar makarantar sana'a, kuma ko an buɗe ƙofar, yawancin yaran da ke zuwa ba su taho da guzurin karatun da ake bukata ba.

Wannan yanki yana da abin da yankuna da yawa ke nema ba su samu ba. Akwai Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya ta Hussaini Adamu a Kazaure, akwai cibiyar koyar da ilimin kwamfuta ta jiha a garin, ga kuma Jami'ar Fasaha ta Tarayya da aka kafa a Babura a 2021. Hanyar jirgin ƙasa ta Kano zuwa Maraɗi, wadda aka aza harsashinta a Fabrairun 2021, ta Kazaure ta ratsa. Sai dai duk waɗannan rufin gida ne, tushen kuwa shi ne makarantar fasaha ta matakin sakandare, irin ta gwamnatin jiha da ke Karkarna a ƙaramar hukumar 'Yankwashi. Kwalejin fasaha ta tarayya ta matakin sakandare da ke Jigawa tana can Haɗeja, a gabashin jiha, nesa da ɗan manomin ƙasar Kazaure. Saboda haka abin da gwamnatin Dutse ta yi da nata makarantun shi ne zai yanke makomar yaron Roni, ba sanarwar Abuja ba.

Dalilin raunin sakamako yana farawa tun daga firamare. Yaron da ya gama ƙaramar sakandare bai iya rarraba lamba ba, ba zai iya lissafin ƙarfin wutar da waya za ta ɗauka ba, ba zai karanta zanen gini ba, kuma Turancin da ake rubuta tambayoyin NABTEB da shi zai kayar da shi ko da hannunsa na da kyau. Sai ga tsohuwar ɗabi'a ta tura yaron da ake ganin bai da ƙoƙari zuwa makarantar sana'a, a ajiye mai ƙoƙari don likitanci ko lauya. Wannan raini yana da tushe a tsarin aikin gwamnati: shekara da shekaru mai babbar difloma yana bayan mai digiri wajen ƙarin girma, kuma dokar da Majalisar Tarayya ta zartar a 2021 don kawar da bambancin ba ta samu sa hannun shugaban ƙasa ba. Uban da ya ga haka ba za a zarge shi ba idan ya kau da ɗansa daga walda da kafinta. Akwai kuma matsalar malami da kayan aiki. Ƙwararren mai haɗa wutar sola ko bakaniken da ya iya aikinsa yana samun abin da ya fi albashin koyarwa, don haka da wuya ya zauna a aji. An taɓa ganin ƙarshen irin wannan a tsarin ilimi na 6-3-3-4 da aka soma a 1982, lokacin da injinan da aka sayo daga ƙasashen waje suka ruɓe cikin akwatuna a makarantu da dama saboda babu wuta, babu mai sarrafa su.

Wani zai ce a bar yara su shigo tukuna, gyara ya biyo baya, tun da Jigawa na cikin jihohin da ke fama da yaran da ba sa zuwa makaranta. Maganar tana da nauyi, kuma babu mai hankalin da zai so a rufe ƙofa. Amma aji na ilimin hannu ba ya ɗaukar cunkoso yadda ajin tarihi zai ɗauka. Idan yara sittin suka taru a kan injin walda guda, mutum biyar ne za su taɓa shi, sauran su kwafi bayani a littafi, su fita da takardar da ba ta iya ɗaure ƙarfe. Wani kuma zai ce ai gareji ya wadatar, tun kaka da kakanni a wurin ubangida ake koyon sana'a. Gaskiya ne gareji yana fitar da masu hannu, amma yaron gareji yana tsayawa inda ilimin ubangidansa ya tsaya, kuma ba shi da shaidar da kamfanin shimfiɗa layin dogo ko kwalejin Kazaure za su karɓa. Injinan ban-ruwa masu aiki da hasken rana da motocin zamani masu kwamfuta a ciki suna neman wanda ya haɗa lissafi da hannu.

Abin da ya kamata a riƙa tambayar hukumar ilimin kimiyya da fasaha ta jiha duk shekara shi ne yara nawa suka ci lissafi da darasin sana'arsu a NABTEB, nawa suka wuce kwalejin Kazaure ko jami'ar Babura, nawa suka buɗe shago. Shekarar farko a makarantar fasaha a ba da ita ga gyaran lissafi da karatu, a ɗauko ƙwararrun masu sana'a na Kazaure su koyar a biya su, a kuma buɗe wa 'yan mata fannonin lantarki da kwamfuta, kada a tsare su a ɗinki kaɗai. Iyayen Roni da Gwiwa kuwa, kafin ku kai yaro, ku shiga ɗakin koyon aikin ku ga ko injinan suna tashi.