Idan Jirgi Ya Faɗi, Wa Ke Da Bakin Magana?

Ranar 11 ga Yuli 1991, jirgin alhazai da ya tashi daga Jidda zuwa Sakkwato ya kama wuta ya faɗi. Mutum 261 suka rasu, Allah ya jiƙansu.

A irin wannan rana abin da kamfani zai gaya wa 'yan jarida kaɗan ne: yawan fasinja da inda dangi za su nemi labari. Faɗin dalili ba hurumin kamfani ba ne. Dokar jiragen sama ta duniya ta ɗora bincike kan ƙasar da haɗarin ya auku, domin mai jirgi ba ya zama alƙalin kansa.

Binciken Saudiyya ya gano tayoyi biyu ba su da isasshiyar iska. Ma'aikatan Nationair, kamfanin Kanada mai jirgin, sun sani, amma aka ƙi jinkirta tashi.