Hayaƙin Hunturu a Kwarin Rima: Dokar da Ba Ta Shiga Tsakar Gida

Daga Disamba zuwa Fabrairu, wanda ya fito da asuba a Birnin Kebbi ko Argungu zai tarar gari ya yi fari fat, ya ce hazo ne. Hazon yana nan, iskar hunturu ce ta kwaso shi daga sahara. Amma abin da ke sa ido hawaye, ya tsaya a maƙogwaro, na gida ne: hayaƙin itace. Sanyin dare yakan danne iska a ƙasa, musamman a gangaren fadama, sai hayaƙin ya kasa tashi, ya kwanta kan unguwanni har rana ta ɗaga.

Masu hura wutar kowa da hujjarsa. Mai shayi da mai ƙosai nema suke yi. 'Yan kabu-kabu da almajirai ɗumi suke ji da kara, wani lokaci har da leda da tsohuwar taya. A gidan da aka yi haihuwa kuwa, safe da yamma ana tafasa ruwan wankan jego har a yi arba'in, mai jego da jaririnta suna nan kusa.

Manyan masu cin itacen su ne sana'o'i biyu da yankin ke taƙama da su. A Birnin Kebbi ne Shugaba Muhammadu Buhari ya ƙaddamar da shirin bai wa manoman shinkafa rance ranar 17 ga Nuwamban 2015. Noma ya bunƙasa, ga kamfanin Labana a Birnin Kebbi, ga WACOT da aka buɗe a Argungu a 2017. Duk da haka shinkafa mai yawa a hannun mata masu gumi take bi: a jiƙa ta, a turara ta cikin rabin duro a kan murhu mai duwatsu uku, a shanya. Mace takan wuni tana iza wuta tana sunkuyawa cikin hayaƙi, da goyo a bayanta.

Ɗaya sana'ar ita ce banda. Duniya ta san Argungu da bikin kamun kifi a Matan Fada, wanda aka fara a 1934, hukumar UNESCO ta sa shi cikin al'adun gado na duniya a 2016. Bikin 'yan kwanaki ne. Bandar tarwaɗa da karfasa kuwa ba ta da hutu, kuma hayaƙi ne jarinta, don haka mai banda ba gudunsa take yi ba.

Illar tana cikin ƙananan ƙwayoyin toka waɗanda ido ba ya gani. Suna wuce hanci, su kai ƙarshen huhu, wasu su shiga jini. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa gurɓatacciyar iskar cikin gida ta yi sanadin mutuwar mutum miliyan 3.2 a 2020, ciki har da yara 'yan ƙasa da shekara biyar fiye da 237,000, ta hanyar limoniya, shanyewar ɓarin jiki, ciwon zuciya da tsohon ciwon huhu. Gawayi ma da ake gani ba ya hayaƙi yana da nasa sharrin. Kaskon wuta a ɗakin da aka toshe ƙofa da taga yana fitar da wata iska mai guba, ba wari ba launi. Da ciwon kai da jiri take farawa, kuma tana iya kashe mai barci.

Ƙasashen sanyi sun daɗe da yi wa wutar gida doka, su ma sai da suka ji jiki. Hayaƙin kwal da ya rufe Landan a Disamban 1952 ya kashe dubban mutane, ya haifar da dokar tsabtace iska ta 1956. Daga Mayun 2021 Ingila ta hana sayar da ɗanyen itace ƙanana-ƙanana don ƙonawa a gida, sai wanda danshinsa bai wuce kashi 20 cikin ɗari ba. A Amurka, tun 2020 sabon murhun ɗumama ɗaki ba ya shiga kasuwa in tokar da yake fitarwa ta wuce giram 2 zuwa 2.5 a awa.

Najeriya ma ba ta rasa takarda ba. An kafa hukumar kula da dokokin muhalli, NESREA, a 2007. Ta fitar da ƙa'idojin hana ƙona daji da ƙone-ƙone a fili a 2011, da na ingancin iska a 2014. A 2024 Majalisar Zartarwa ta Tarayya ta amince da manufar girki mai tsabta. Sai dai ƙarfin aikin ya fi karkata ga masana'antu da motoci da injinan wuta. Ba jami'in da ke sallama a zaure ya ce ya zo auna hayaƙin murhu.

Kuma ko ya zo, me zai ce? Baturen da aka hana wa ɗanyen itace yana da gas da lantarki a gidansa. Matar da ke gumi a bayan Argungu, musamman bayan tsadar da ta biyo cire tallafin man fetur a 2023, ba ta da wani zaɓi. A ci ta tara zalunci ne, kuma hayaƙin ba zai ragu ba.

Abin da za a iya ɗauka daga Ingila shi ne zancen busasshen itace, wanda kowace tsohuwa ta riga ta sani: ɗanye hayaƙi yake yi, ba wuta ba. Wannan magana ce da dubagari da shugabannin masu sayar da itace za su iya tsaya mata a kasuwa. Hana ƙona taya da leda a cikin unguwa kuma bai fi ƙarfin mai unguwa ba.

Sauran aikin na murhu ne. Cibiyar binciken makamashi ta Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da ke Sakkwato ta daɗe tana ƙera murhu mai tattalin itace, cibiyar binciken kifin ruwan daɗi da ke New Bussa kuma tana da na'urorin banda na zamani. A Gana, tun 1969 matan unguwar Chorkor a Akara suke banda a murhun laka da ake jera faifan waya da yawa a kansa, wuta ɗaya ta gasa kifin da a da sai an hura uku ko huɗu. Ɓuntun shinkafa da ke jibge a bayan injinan casa ma makamashi ne, in an samu murhun da ya dace da shi. Kuɗin saye ne cikas, kuma ƙungiyoyin mata masu gumi da masu banda suna nan, ana iya bi ta hannunsu a ba da rance kamar yadda aka bi ta ƙungiyoyin manoma.