Benjamin Franklin, Mutumin da Ya Gano Asirin Walƙiya

Jawabin kimiyya na yau ya shafi aradu, da labarin wani dattijon Amurka wanda ya nuna wa duniya hanyar tsare gine-gine daga ɓarnarta.

Sunansa Benjamin Franklin. An haife shi a birnin Boston ran 17 ga watan Janairu, 1706, lokacin da ƙasar take ƙarƙashin mulkin Ingila. Ubansa mai yin sabulu da kyandir ne, ga 'ya'ya goma sha bakwai, saboda haka shekara biyu kaɗai yaron ya yi a makaranta. Da ya kai shekara 12 sai aka sa shi koyon aikin ɗab'i wurin wansa, nan ya riƙa karanta duk littafin da ya faɗo hannunsa. Yana da shekara 17 ya tafi Filadalfiya, inda daga baya ya kafa maɗaba'arsa, ya yi arziki. Cikin 1748 ya bar wa abokin cinikinsa aikin, domin ya sami sukunin binciken lantarki.

A zamanin nan masana sun iya fitar da ɗan tartsatsin lantarki ta hanyar goga gilashi, amma ba wanda ya tabbatar da ko mene ne walƙiya. Franklin ya lura cewa tartsatsin nan da walƙiya sun yi kama: haskensu iri ɗaya, tafiyarsu a karkace, dukansu kuwa suna bin ƙarfe. Sai ya ce kamanni ba hujja ba ce, a gwada a gani. Ya rubuta yadda za a yi gwajin, aka buga a Landan cikin 1751.

Faransawa suka riga shi gwadawa. Ran 10 ga watan Mayu, 1752, a ƙauyen Marly kusa da Paris, wata sandar ƙarfe mai tsawon ƙafa 40 da masani Dalibard ya kafa ta fid da tartsatsi sa'ad da hadari ya bi ta kanta. Cikin shekarar kuma Franklin ya yi nasa. Ya shimfiɗa hankicin siliki bisa 'yan sanduna biyu, ya sa masa tsinin waya, ya ɗaura doguwar igiya, ya sake shi iska ta ɗaga shi sama. A ƙarshen igiyar ya rataya mabuɗi. Da ruwa ya jiƙa igiyar sai lantarkin girgije ya biyo ta, tartsatsi ya yi tsalle daga mabuɗin zuwa yatsansa. Ta tabbata ke nan, walƙiya lantarki ce.

Kada kowa ya kuskura ya kwaikwayi wannan. Aradun kanta ba ta faɗa wa abin nasa ba, da ta faɗa da wuya ya tsira. Cikin 1753 wani masani, Georg Richmann, ya rasa ransa a ƙasar Rasha garin irin wannan gwaji.

To, ina amfanin sanin? Lantarkin da ya taru a girgije neman hanya yake yi zuwa ƙasa, ya kan kuwa sauka bisa abin da ya fi tsawo. In ya bi ta itace ko bango, zafinsa sai ya tsaga su ko ya ta da gobara. Dabarar Franklin ita ce a kafa sandar ƙarfe bisa ƙololuwar gini, a haɗa ta da waya mai kauri wadda za a binne ƙarshenta cikin ƙasa mai laima. Sandar ba ta hana aradu faɗowa, hanya take ba ta ta wuce, ginin ya tsira. Har wa yau ana ganin irinta bisa hasumiyoyin masallatai da dogayen benaye. Wannan dalili ne kuma ya sa bai kamata manomi ko makiyayi ya fake gindin itacen da yake tsaye shi kaɗai a fili ba in ana tsawa, gara ya nemi ɗaki.

Franklin bai nemi kobo bisa wannan dabara ba, ya bar ta ga kowa. Sunan da ta jawo masa ya amfani ƙasarsa ƙwarai. Yana cikin mutum biyar da aka ɗora wa tsara takardar shelar 'yancin Amurka ta 1776. Aka aike shi Faransa jakada, inda aka riga aka san shi, ya sami goyon bayanta cikin 1778. Ya sa hannu a yarjejeniyar sulhu da Ingila cikin 1783, da tsarin mulkin ƙasarsa cikin 1787. Ko da yake ya taɓa mallakar bayi, a ƙarshen rayuwarsa ya shugabanci ƙungiyar neman hana bauta, ya kai kukanta gaban majalisa.

Ya rasu ran 17 ga watan Afrilu, 1790, yana da shekara 84.