Fuskar Gida: Dagi, Zanko da Keken da Aka Zana a Siminti

Wata ranar Asabar da hantsi muna ratsa wani lungu a Unguwar Shanu ni da 'yata ƙarama, sai ta ja mini hannun riga ta tsaya cak a gaban wani tsohon zaure. Simintin fuskarsa ya yi baƙi-baƙi saboda ruwan damina, ya tsattsage ta gefe, amma zanen da ke jikinsa yana nan raɗau. A saman ƙofa akwai dagi, a damansa agogo mai hannu biyu, a hagu kuma keke, har da sarƙarsa da ƙararrawarsa, duk an tsaga su a cikin simintin tun yana ɗanye. Ta ce, "Baba, me ya sa aka zana keke a jikin gida?" Na ce mata ado ne, muka wuce. Amma tun daga ranar amsar nan take damuna, domin na san rabin gaskiya na ba ta.

Gidan Bahaushe na gargajiya ba ya buɗe cikinsa ga hanya. Katanga ce doguwa, ba taga, ba wata kafar leƙe, sai ƙofa guda ta zaure. A zauren nan baƙo ke tsayawa ya yi sallama, a nan maigida ke karɓar gaisuwa, a dakalin gabansa ake hira bayan la'asar. Saboda haka duk abin da mai gida yake so duniya ta sani game da shi, a fuskar zauren nan yake ajiye shi. Dubi babbar riga: ba ko'ina ake yi mata aiki ba, sai wuya da ƙirji da aljihu, inda idon mai gaishe ka zai fara sauka. Haka magina suka ɗauki gida. Suna tara zane a kewayen ƙofa, su bar sauran katanga da yaɓenta kawai.

Kaduna dai ba birni ba ce irin Kano ko Zariya ko Katsina. Ba ta da ganuwa, ba ta da ƙofofin da aka gada kaka da kakanni. Gbagyi ne ke zaune a yankin lokacin da Gwamna Lugga ya zaɓi wurin saboda kogi da hanyar jirgin ƙasa, aka kuma ɗauko hedikwatar Arewa daga Zungeru aka dawo da ita nan a 1917. Gidajen farko na gwamnati masu rufin kwano ne da baranda, tsarin Turawa, ba ruwansu da zane. Zane ya shigo garin ne a hannun waɗanda suka zo cin kasuwa da neman aiki, Zagezagi da Kanawa da Katsinawa da Nufawa da Barebari, suka zauna a unguwanni irin su Tudun Wada da Unguwar Kanawa da Unguwar Shanu da Kawo. Kowa ya zo da abin da idonsa ya saba gani a garinsu. Don haka wanda ke son fahimtar zanen tsofaffin gidajen Kaduna, dole ya ɗaga kai ya dubi Zariya, wadda tazararta da mu ba ta wuce tafiyar kilomita 80 ba.

A Zariya ne Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina Masallacin Juma'a a zamanin Sarkin Zazzau Abdulkarimu, cikin shekarun 1830. Har yau unguwar zuriyarsa sunansa take amsawa. Wanda ya ga ainihin aikinsa, ko kwafin masallacin da aka gina a gidan adana gine-ginen gargajiya na Jos, zai lura da abu guda: gwanintar tana ciki ne, a jikin ginshiƙai da bakan gizo da ƙarƙashin rufi. A wancan zamani zane kayan fada ne da masallaci da ɗakunan manya. Sai a ƙarni na 20, da kuɗin gyaɗa da auduga da fatauci suka shiga hannun mutanen da ba 'ya'yan sarauta ba, zane ya fito waje ya hau fuskar gida. Attajiri ba shi da rawani, ba shi da algaita a ƙofarsa, amma yana da abin da zai biya gwani. Abin ya bunƙasa har Anthony Kirk-Greene ya rubuta ɗan littafi a kan gidajen Zariya masu zane, aka buga shi a nan Kaduna a 1963. Daga baya Friedrich Schwerdtfeger, wanda ya daɗe yana bin gidajen Zariya ɗaya bayan ɗaya, ya fitar da babban littafi a kan wannan fanni a 2007.

Hanyoyin aikin uku ne. Mafi tsufa ita ce a murza ƙasa da hannu tun tana ɗanya a jikin bango, a tayar da zanen ya yi tudu, yadda rana za ta riƙa jefa masa inuwa. Irin wannan da safe kamanninsa daban, da yamma daban. Ana kare shi da makuba, wadda ake samu daga ɓawon ɗorawa, ko kuma da laso, wato katsin marina da aka haɗa da gashin awaki daga majema da ruwan dafara. Duba yadda sana'o'i uku suka haɗu a bango guda: marini ya ba da katsi, majemi ya ba da gashi, magini ya kwaɓa. Hanya ta biyu ta zo da siminti, a shafe bango sumul, a tsaga zane da wuƙa ko tsinken ƙarfe kafin ya bushe. Ta uku fenti ce, irin wadda ta sa fuskar fadar Zazzau take ɗaukar ido daga nesa. A Kaduna hanya ta biyu ce ta fi karɓuwa, kuma dalilin a fili yake. Daminarmu ta fi ta Kano tsawo da yawan ruwa, zanen ƙasa kuwa sai an riƙa bin sa da yaɓe kusan kowace shekara. Ma'aikacin reluwe ko na masaƙa ba shi da wannan sukuni.

To, me zanen ke nufi? A nan nake so mu yi hattara. Akwai masu son su mayar da kowane lanƙwasa wani sirri, su ce wannan layi rayuwa ce, wancan kuma lahira. Ni ban yarda da wannan ba, domin ba haka magina ke magana ba. Abin da za ka ji a bakinsu shi ne zane ya zauna, ko ya yi kyau, ko hannun wane ne. Mafi yawan siffofin nan daga allurar maɗinka da wuƙar dukawa suka hau bango. Aska biyu da aska takwas da tambari sunayen aikin riga ne kafin su zama na gini, kuma wanda ya san darajar riga mai aska takwas ya san abin da ake gaya masa idan ya ga irinta a saman ƙofa.

Amma akwai waɗanda maganarsu ba ta da lauje cikin naɗi. Takobi da sanda da bindiga suna nuni da sarauta ko jarumta ko gidan da ya taɓa riƙe iko. Allo yana cewa nan gidan malamai ne. Jinjirin wata da tauraro shaidar Musulunci ce. Keke da mota da jirgin sama da agogo kuwa labarin zamani ne. Lokacin da aka tsaga keken nan da 'yata ta gani, mallakar keke ba ƙaramin abu ba ne. Malamin makaranta ko akawu ko ɗan kasuwar da ya sayi keken Raleigh sabo fil ya kai wani matsayi, kuma yana so a sani. Jirgin sama a bango sau da yawa yana tafiya da labarin aikin Hajji, a zamanin da tafiyar ta tashi daga shekaru a ƙasa ta hanyar Sudan ta koma ta 'yan sa'o'i a sama. Za ka kuma lura da wuya ka ga siffar mutum. Malamai sun hana surar abu mai rai, sai gwanaye suka zuba basirarsu a kan layi da ƙulli da kayan ƙarfe, waɗanda ba su da numfashi.

Zanko ma yana da nasa zancen. Zankwaye su ne 'yan ƙahonnin nan da ke tsaye a kusurwoyin soro, masu kama da zankon zakara. Wasu suna kwatanta su da kunnuwan rawanin 'ya'yan sarki, wasu da tsinin takobi. Magina kuwa suna da bayani mai sauƙi: zanko yana ƙara wa kusurwa nauyi a inda ruwa ya fi cin gini, kuma a jikinsa ake maƙala igiya idan za a hau yin yaɓe. Abin da ya ba ni sha'awa shi ne yadda zanko ya ƙi mutuwa bayan aikinsa ya ƙare. Je ka Malali ko Unguwar Rimi, za ka ga gidan bulo da kankare, wanda ba wanda zai taɓa hawa ya yi masa yaɓe, amma an ɗora masa zankwaye huɗu na siminti. Ba su riƙe komai ba sai suna. Mai gidan yana cewa ne, ni ɗan Arewa ne, ko da injiniyan da ya zana mini gida a Ingila ya yi karatu.

Dagi ne ya fi kowanne tafiya mai nisa, kuma a nan Kaduna ya sauya ma'ana. Asalinsa ƙulli ne na zobba biyu masu tsawo da suka sarƙe da juna, ɗaya ya bi ta saman ɗaya ya koma ta ƙarƙashinsa, ba ka ganin inda ya fara balle inda ya ƙare. Yana jikin riguna da huluna da kayan fata da kayan doki tun kafin a san za a yi wani gari mai suna Kaduna. Ba mu kaɗai muke da shi ba. Ana samun irin wannan ƙulli a daɓen gine-ginen Rumawa na da, da masallatai da majami'u a ƙasashe daban-daban, har da aikin duwatsun ado na sarakunan Yarbawa. Shi ya sa gardamar da ake yi a Facebook kan ko na wane addini ne take ba ni takaici. Siffa ce da fatake da malamai da masu sana'a suka yi ta miƙa wa juna tsawon ƙarnuka, kowa ya karɓa ya sa mata sunan garinsu.

Abin da ya faru a Kaduna shi ne, a zamanin Sardaunan Sakkwato Sir Ahmadu Bello, wanda ya riƙe Firimiyan Jihar Arewa daga 1954 zuwa 1966, aka ɗauki wannan zane na maɗinka aka mayar da shi alamar yanki guda mai ɗaruruwan ƙabilu. Daga nan ya zama Dagin Arewa. Fassarar da kowa ke bayarwa yau, cewa sarƙewar zobban tana nufin haɗin kan mutanen Arewa duk da bambancin harshe da addini, fassara ce ta wancan lokaci, ta siyasa, ba ta kakannin magina ba. Wannan bai rage mata daraja a idona ba. Mutane ne suka zauna suka ga suna bukatar abin da zai ɗaure Bakano da Batibi da Babarbare da mutumin Ilori, suka duba cikin kayan gida suka samo shi. Wanda ya shiga Gidan Arewa da ke kan titin Rabah, tsohon gidan Sardauna inda aka kashe shi ran 15 ga Janairu 1966, wanda ya zama cibiyar binciken tarihi tun 1970, zai gane yadda wannan alama ta ɗauki nauyin da ya fi ƙarfin ado. Saboda haka dagi a tsohon zauren Zariya da dagi a get ɗin wani gida a Unguwar Dosa, siffarsu ɗaya, maganarsu ba ɗaya ba.

Na ce get, domin can zane ya koma. Zaure ya ɓace daga sababbin gidaje, katanga ta ƙara tsawo, an ɗora mata waya mai ƙaya, kuma gwanin da ake nema yanzu mai walda ne. Ka tsaya a rumfarsu a bakin titi za ka ji ana tambaya, "Alhaji, dagi za a sa ko fulawa?" A saman ƙofa kuma sai tayil mai rubutun Masha Allah, wanda godiya ce, kuma kariya ce daga bakin mutane da kambun baka. Wannan aƙalla ci gaban tsohuwar al'ada ce, ta ɗora kalmar tsari a inda ake shiga gida.

Akwai kuma abin da ba a cika son faɗa ba. Bayan rikicin watan Fabrairu na 2000 da na Nuwamba 2002, lokacin da garin ya rabu, Musulmi da yawa suka tattaro arewacin kogi, Kiristoci da yawa suka koma kudu, mutane sun koyi cewa alamar da ke jikin gida tana iya nuna ka ga wanda ba ya nufin ka da alheri. Na san gidajen da aka kankare abin da ke saman ƙofarsu a wancan lokaci, ta kowane ɓangare. Garin da ya ɗaga dagi a matsayin alamar haɗuwa, shi ne kuma garin da mutum ya ji tsoron bangonsa ya faɗi ko shi wane ne. Wannan yana yi mini ciwo har yau.

Bangayenmu ba su yi shiru ba duk da haka, sai dai masu rubutu a kansu sun canza. Akwai lambobin alli na ma'aikatan rigakafin shan inna, akwai jan fenti na masu rusau, akwai gargaɗin cewa wannan gida ba na sayarwa ba ne, ga fastocin 'yan takara an liƙa wani kan wani. Duk waɗannan wasu ne suka zo suka rubuta, ko kuma tsoro ne ya sa aka rubuta. Tsohon zane kuwa mai gida ne ya zauna da gwani suka shawarta abin da za a gaya wa mai wucewa.

Abin da nake roƙo ba mai tsada ba ne. Muna da gidan tarihi a kan titin Ali Akilu tun 1975, muna da Gidan Arewa, muna da ɗaliban zanen gine-gine a Zariya da nan Kaduna, kuma kusan kowane matashi yana da kyamara a aljihunsa. A bi lungunan Tudun Wada da Unguwar Shanu da Kawo da Unguwar Kanawa a ɗauki hoton kowace fuskar zaure da ta rage, a tambayi dattawan gidan wa ya gina, wa ya zana, daga wane gari ya zo. A Damagaram, unguwar Birni ta riƙe gidajenta masu zane har baƙi suna zuwa kallo. Namu kuwa ana fasa su ne a fitar da shago, domin hayar shago tana ciyar da gida, kuma ba zan zargi magadan da suka yi haka ba.

Makon jiya na koma lungun nan ni kaɗai, na ɗauki hoton keken ta kusa da ta nesa. A ƙasan tayar baya, inda ban lura ba a karon farko, akwai wani ɗan rubutun ajami da gwanin ya tsaga da tsinkensa, rabinsa ya ɓantare tare da simintin. Na kai wa 'yata hoton, mun zauna muna ƙoƙarin haɗa haruffan da suka saura.